Baba Sahabi, Maƙwabcin Da Ya Ɗauke Mini Wankan Mahaifina

Zuwa ga marigayi Baba Sahabi na Kamarawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Hassi ce, ɗiyar amininka Malam Garba, wadda katanga ɗaya ta raba gidanku da namu.

Ka tuna daminar da ɓarin jikin Babanmu ya shanye. Inna ta riga ta rasu, ƙannena ƙanana ne, ni kuma ban gama firamare ba. Na iya dama kunu, na iya juya shi a tabarma. Abin da ya gagare ni shi ne wanka da kai shi ban-ɗaki. Ina ɗiya mace, shi yana jin nauyina, ni ina jin nauyinsa.

Sai ya daina cin abinci, don kada bukata ta kama shi a gabana. Na ɗauka ciwon ne. Yana ta ramewa, ni ina ta kuka bayan rumbu.

Kai ka gane. Ka shigo duba shi, ka ga tuwon jiya a rufe ba a taɓa ba, ka daɗe kana kallon amininka. Washegari bayan asuba sai ga ka da bokiti da sabulu da aska. Ka ce mini, "Wanga aiki ba naki ba na, ɗiyata. Tahi makaranta."

Ran nan Baba ya shanye furarsa tas.

Haka ka riƙa zuwa, har ranakun kasuwar Sabon Birni da 'yan kabu-kabu ke jiran kayanka da baburansu a bakin hanya. Daga tsakar gida nakan ji kuna dariya, kana tsokanarsa wai geronka ya fi nasa tsayi. Da lokacinsa ya yi, kai ka yi masa wankan ƙarshe.

Baba Sahabi, yanzu ina aikin jinya a Isa. Duk yaron da ya kawo iyayensa, nakan ja shi gefe in tambaye shi wa ke kama masa a gida. In ya sunkuyar da kai, na san za ni bi shi unguwarsu in nemi wani babba.

Ina makarantar jinya ka rasu, ban samu na riƙa maka ko kofin ruwa ba. Allah Ya wanke ka kamar yadda ka suturta mu, Ya haɗa ka da amininka a Aljanna.

Ɗiyarka ta bayan katanga,
Hassi.