Sun Ce Zoɓon Mijina Ruwa Ne

Zuwa ga Gwaggo Zeinabu mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Don girman Allah, Gwaggo, ki taimake ni, ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da kin ga maganar tana yawo. Karatuna bai yi nisa ba, tun ina yarinya na bar lakwal. Na san wasu za su yi dariya, su ce ga mace da girmanta tana kuka a kan zoɓo. To su yi. Ni dai shi ya hana ni sukuni.

Mijina Mumuni ya rasu bara da zafi, bayan gajeriyar jinya. A da direban taksi ne, da ciwon baya ya kayar da shi sai ya koma sana'ar da ya koya wurin mahaifiyarsa, wato haɗa farin zoɓo, wanda mutanen Yamai ke ce wa farin bisap. Da shi ya ciyar da mu, da shi ya yi wa 'yarmu Ramlatu karatu.

Gwaggo, nasa ba irin na kowa ba ne. Ba ya dafa shi. Da kansa yake zuwa Babbar Kasuwa ya zaɓo, ya dawo ya zauna a tabarma yana tsince shi kamar mai tsintar shinkafar biki. Sai ya jiƙa shi a ruwan da aka tafasa ya huce, cikin randa, ya lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu, ya bar shi ya kwana. Da safe ya tace da farin ƙyalle, kuma ba ya matsewa, wai matsa ke fito da ɗaci. Sukari kaɗan. Ɓawon lemun tsami ya tsoma ya cire. Shi ke nan. Sai ya ɗaga kofi saitin hasken ƙofa ya duba, in ya ga gurɓata ko kaɗan ya ce yau na gida ne, ba za a sayar ba. Na sha yi masa faɗa a kan wannan. Yanzu da zan samu ya dawo ya zubar da randa guda a gabana, wallahi ba zan ce uffan ba.

Direbobi da teloli na nan Talladje su ne mutanensa. Malam Oumarou tela ba ya taɓa shan kofi ɗaya ya tsaya, sai ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya ce wannan ne kawai ke kashe ƙishirwa bai bar maka wata a baya ba.

Daga baya wasu matasa suka kafa ƙungiyar masu haɗa abin sha na gida. Yara ne masu ilimi, kwalabensu da tambari da hoto. Suna da butik kusa da Babbar Kasuwa mai babban firigo da ba ya mutuwa ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Suka ba Mumuni layi ɗaya a ciki saboda shi ne dattijonsu. Tun da ya rasu layin nan ne abincinmu, domin ni ba zan iya yawo da kular sanyi a rana kamar yadda yake yi ba, ƙafafuna sun ƙi.

Watan da ya wuce suka ce mambobi sun yi yawa, firigo ya yi kaɗan, don haka za a yi taron ɗanɗanawa a tantance wanda zai zauna. Na je da kwalabena. Ni da ban jima da fita takaba ba, ina zan iya kutsawa cikin sa'o'in 'yata ina neman wuri? Duk wanda ya zo sai in matsa in ce masa bismilla, wuce gaba. Haka na yi ta matsawa har na tsinci kaina a ƙarshen layi, kusa da inda ake aje tsintsiya.

Masu ɗanɗanawa suka fara daga can sama. Ga lemu-hari mai citta da ke sa mutum tari, ga jan bisap da abarba da na'ana'a da kanumfari, ga wani har da barkono, ga na kuka da madara mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Kowanne suka sha sai su lumshe ido suna jinjina kai, suna ɗaukar hoto da salula. Da suka iso kaina, wani saurayi mai tabarau ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tambaye ni wai ko na manta ban sa zoɓon ba ne. Wata ta ce ai wannan ruwan ɗauraye kofi ne. Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai ina gyara murfin kwalaba da ba abin da ya same shi.

Shugabarsu, Madam Balkissa, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ja ni gefe, ta ce Inna ki yi haƙuri, amma kafin ƙarshen watan nan ko dai ki ƙara masa ƙarfi da launi, ko kuma layin ya koma hannun wani.

Da na dawo gida na gaya wa Ramlatu. Ta ce Inna, Baba ya tafi, matattu ba sa shan zoɓo, mu da ke raye mu ne ke jin yunwa. Tana faɗa ta fashe da kuka, ni ma na fashe. Washegari ta sayo citta da arom mai ƙamshin abarba da 'yar kwalabar jan launi ta jera kusa da randar ubanta. Suna nan har yau. Ni ban taɓa ba, ita ba ta ɗauke ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, a gidan da mu biyu ne muka rage.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Tun ranar da aka fita da Mumuni harshena ya mutu. Tuwo da miya, shayi da ruwa, duk ɗaya nake jin su. Kuma shi ne mai ɗanɗanawa, ni tacewa da wanke kwalabe ne aikina. Ina bin duk abin da na ga yana yi, amma ban sani ba ko abin da ke fitowa nasa ne. Wataƙila yaran nan gaskiya suka faɗa. Wataƙila ruwa nake sayarwa da sunan mijina.

Gwaggo, me ya sa waɗanda suka ce sun san abin sha suke raina marar hayaniya? In na zuba launin nan, ji nake kamar na sake binne shi da hannuna. In ban zuba ba, na rasa layin, na rasa abincinmu, ƙila in rasa 'yata. Kwanaki suna ta tafiya. Ki gaya mini abin da zan yi.

Taki,
Mai randa a Talladje

Amsar Gwaggo Zeinabu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya jiƙan Malam Mumuni, ya haskaka kabarinsa, ya ba ku dangana. Ba wanda zai yi miki dariya a filin nan. Share hawayenki, muna da aiki kafin wata ya ƙare.

Da farko, ba a yi wa zoɓonki adalci ba, kuma kawaicinki ya taimaka wajen hakan. Bakin da ya sha citta da barkono da kanumfari a jere, ko zuma aka ba shi a ƙarshe ba zai ji ta ba. Abin sha marar nauyi shi ake fara ɗanɗanawa, mai ƙarfi ya biyo baya. Ke kuwa kika yi ta matsa wa yara har kika kai kanki wurin tsintsiya. Ladabi ne, na sani, amma ranar nan ba ranar kunya ba ce.

Kin tambaye ni dalilin rainin. Mutumin da ya fara ji da kansa a kan ɗanɗano yana son abin da zai buge shi a kurɓar farko, ya samu abin faɗa da abin ɗauka a hoto. Yana kuma gudun duk abin da ya yi kama da na talakawa, domin daga can yake ganin ya taso. Ga shi a taron ɗanɗanawa kurɓa ɗaya ake yi, alhali irin na mijinki sai a kofi na biyu ake gane darajarsa, da tsakar rana, lokacin da maƙogwaro ya bushe. Wani maƙwabcinmu Kirista ya taɓa gaya mini cewa ko a wajen masu shan giya haka abin yake: masu ji da kansu suna raina fara mai sauƙi suna bin mai ɗaci da kauri, alhali farar ta fi wuyar yi. Ni ban san giya ba, amma na san kicin. Citta tana rufe asirin ruwa marar kyau da kwalabar da ba ta wanku ba. Farin zoɓo ba shi da mayafin da zai ɓoye aibi.

Sai dai wannan gaskiyar ta shafe ki ke ma. Tunda ba shi da mayafi, ƙaramin kuskure zai fito fili, kuma kin ce ba kya jin ɗanɗano. Don haka ba zan rantse miki cewa yaran nan sun yi kuskure gaba ɗaya ba. Gobe ki aika wa Malam Oumarou kwalaba ɗaya, ki ce ya faɗa miki tsakaninsa da Allah ko ya canza, ban da tausayi. Maganar harshenki kuma ki kai ta asibiti. Baƙin ciki yana kawo haka, amma likita ne zai tabbatar.

Bayan haka ki je wurin Madam Balkissa. Kada ki roƙi alfarma, ki nemi a sake ɗanɗanawa: naki a farko, da rana, da sanyi daidai ba wanda ke kashe harshe ba, kuma kowa ya sha rabin kofi. Ki tuna mata cewa firigon da komai na cikinsa yaji ne da zaƙi ba shi da abin da zai ba mai jin ƙishirwa. Mace ce mai hankali, ga alama za ta saurara. Ita ma tana da nata uzurin, wuri ya yi kaɗan kuma dole ta ga kaya suna fita.

Ramlatu ba maƙiyiyarki ba ce. Maganarta ta yi zafi, amma tsoro ne ya faɗe ta, kuma ita ma uba ta rasa. Kada ki zuba launi a randar Mumuni. Ki saya mata roba tata daban, ta haɗa nata mai citta da abarba, ta sa masa sunan da take so. In sun ba ku rabin layi kowacce, kun tsira. In sun ƙi naki bayan sun ɗanɗana da baki mai lafiya, nata ya riƙe layin, naki ya koma wurin direbobi da teloli da suka san shi, ita ta kai musu. Ta kowace hanya ba za ku kwana da yunwa ba, kuma ba ki ci amanar kowa ba.

Abu na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Kina neman wanda zai gaya miki ko zoɓon nan na Mumuni ne, alhali yarinyar da ta tashi tana shan sa tun kafin ta iya magana tana ɗaki ɗaya da ke, kuna gaisuwa kamar baƙi. Gobe da safe in kin tace, ki zuba a kofi ki miƙa mata, ki ce: Ramlatu, ba na jin ɗanɗano tun da Babanki ya tafi, ɗanɗana mini. Duk abin da ta ce ki yarda da shi, ki gyara.

Allah ya sa albarka a randarku da robarku, ya dawo miki da ɗanɗanon bakinki, ya haɗa kanku ke da 'yarki.

Gwaggo Zeinabu