Hannun da Ban Ɗaga Ba

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba a shekara ashirin da biyu da na yi ina faci. Mota ta shigo a guje, ta tsaya cak, aka soka mata tiyon iska ta ɗaga kanta da kanta, mutum huɗu suka duƙa, kafin in gama cewa "la haula" an canza taya huɗu ta fice. Daƙiƙa tara! Ni Muktar da nake taƙama duk Ƙofar Ruwa babu mai saurin hannuna, ashe kunkuru ne.

Ammi Abdulghaffar ne ya kai ni filin tseren motoci na Kornish, a bakin tekun Jidda. Dattijo ne haifaffen unguwar Ruwais, kakansa da ƙafa ya tako daga Kano zuwa Hajji, bai koma ba. Shi ne shugaban masu canza taya na wata ƙungiyar tsere. Makon jiya ya kawo motarsa banshar ɗinmu, wato shagon faci, na Madain Fahd, ya tsaya yana kallon hannuna ina aiki, sai ya ce suna neman mutum ɗaya. Kafili, ubangidana, ya yarda in riƙa zuwa kwana uku a mako.

Mu biyu ake gwadawa, ni da wani Saif. Bayan tseren ɗaya ga Fabrairu, Thamer manajan ƙungiya zai ɗauki ɗaya. Wallahi ina son aikin nan, har kunyar kaina nake ji.

Asabar, 11 ga Janairu

Sun ba ni kaya. Rigar da wuta ba ta ci, da ta ciki, da safa, da hular kwano, da safar hannu. A zafin Jidda! Na sa singiletina ta leda a ƙasa, Ammi ya gani, ya ce cire. Ya ja hannun rigarsa ya nuna min damtsensa, fatar ta tattare kamar ganda. "Haza daga singileti irin taka, ya Muktar. Ta narke a jikina." Na cire nan take.

Tayarsu noti ɗaya tak gare ta, a tsakiya, ya kai girman kofin shayi. Ran mutum a kan noti ɗaya. Ikon Allah.

Talata, 14 ga Janairu

Saif daƙiƙa takwas da rabi. Ni goma sha ɗaya. Ba zan gaya wa Nana Khadija ba in ta kira, dariya za ta yi wa mijinta.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau na ga mai tuƙa motar. Da ta cire hular kwano sai na ga mace, ƴar siririya, Wejdan. Ɗiyar ƙanwar Ammi ce. Tana jin Hausa amma ba ta iya mayarwa, sai "sannu da aiki" kawai, shi ma a karkace. An sa mu a saman gini muka kalli yadda take shiga kwanar bakin teku, bango dama bango hagu, gudun kilomita ɗari biyu da hamsin. Ƙarar har cikin haƙorana. Ban san na riƙe hannun Saif ba sai da ya fizge.

Ga dokar aikin. Ammi ne ke tsayawa gaban mota da allo. In ka ɗaure notinka, ka ɗaga hannu ɗaya. In ya ga hannu huɗu, ya ɗauke allo, ta tafi. In kana shakka, ko ƙanƙanuwa ce, ka gicciye hannu biyu a saman kai, kowa ya tsaya.

Ya ce, "Ni ba na ganin noti, ya ɗan Kano. Hannunka kawai nake gani. Da shi nake sakin ɗiyar ƴar'uwata."

Na ce to.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na kwaɓsa a atisaye. Bindigar iska ta ɗaure noti ba ta zauna daidai a kan noti ba, na ji a wuyan hannuna, amma na ɗaga hannu. Ammi ya zo ya taɓa tayar, tana lilo. Ya tambaye ni me ya sa. Bakina ya riga ni: "Ai zai kai."

Haka muke cewa a bakin titi. Noti huɗu cikin biyar, zai kai ka. Tiyub mai faci bakwai, zai kai ka. Direba na sauri, fasinja na ƙorafi, kai kuma ba ka so a ce ba ka iya ba. Sabo turken wawa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Zai kai ta ina?" Ya juya ya tafi.

Tun ɗazu nake tunanin bas ɗin nan. Shekara goma sha huɗu ke nan. Farar bas mai zuwa Katsina, cike da mutane, ƙarfen da ake ɗaura wa noti ɗaya na tayar gaba ya karye, ɗaya ya sassauta. Na buga tayar da ƙafa na ce zai kai ka. Da yamma aka ce wata bas ta kife wajen Tsanyawa. Ban tambayi wacce ba. Har yau ban tambaya ba. Bas nawa ke bin hanyar nan a rana?

Litinin, 27 ga Janairu

Yau na yi tara da ɗigo biyu. Ammi ya kawo burodin tamis da waken ful, muka ci a bayan gareji. Thamer ya wuce da agogonsa a wuya, bai ko dube ni ba.

Juma'a, 31 ga Janairu

Gobe ne tseren. Tsayawa biyu Wejdan za ta yi. Tayar gaba ta dama: Saif a ta farko, ni a ta biyu. Agogo zai raba gardama.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Mun yi azahar a cikin gareji, a kan kwali. Ƙarfe uku aka tashi. Mota ashirin da huɗu suka zabura lokaci ɗaya, ƙasa ta girgiza, tsuntsayen teku suka watse. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta yau ba.

Saif ya yi nasa, takwas da ɗigo shida, tsaf. Wejdan ta hau ta huɗu, ta uku, ta biyu. Ƙungiyar nan ba ta taɓa hawa mumbarin kyauta ba. Thamer har tsalle yake.

Saura zagaye goma sha biyu aka ce mu fito. Na durƙusa a bayan farin layi, bindiga a hannu. Ta taho kamar za ta bi ta kaina, ta tsaya tazarar taku ɗaya daga gwiwata. Zafin birki ya bugi fuskata ta cikin hula. Na kwance, aka zare tsohuwa, aka sa sabuwa, na ɗora bindiga.

In noti ya zauna, bindiga kan yi maka harbi a wuyan hannu. Wannan ba ta yi ba. Ta tafi laushi, kamar ka danna tuwo.

Amma ga taya a tsaye, ba ta motsi. Hannu uku sun riga sun tashi. Nawa ma, Allah shaida, ya kai kafaɗa. Har na ji kalmar a bakina, cikin hula inda babu mai ji. Zagaye goma sha biyu ne kawai. Wataƙila ma ni ne ban ji harbin ba.

Sai na ga Ammi. Ba ya kallon taya, ba ya kallon Wejdan. Hannuna yake kallo, allon ya fara ɗagawa daga ƙasa.

Na yar da bindiga na gicciye hannu.

Thamer ya cika mana kunne ta rediyo, "Yalla! Yalla! Esh fi?" Wato maza, me ya faru. Ammi ya dafe allon a gaban motar kamar an kafa shi. Aka rugo da sabon noti. Na cire wancan, na ɗaura, bindiga ta harbe ni, na ɗaga hannu. Daƙiƙa talatin da ɗaya. Motoci biyar suka wuce ina durƙushe ina jin su ɗaya bayan ɗaya.

Ta bakwai ta zo.

Babu wanda ya yi min magana. Na naɗe kayana, na hau motar haya na dawo Madain Fahd. In notin nan lafiyarsa ƙalau, na kashe musu rana a banza, na kashe wa kaina aiki.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ammi ya kira, ya ce in zo. Na tarar da su kewaye da tebur, notin a tsakiya a kan farin ƙyalle. Haƙoran cikinsa sun gutsure, biyu kacal suka rage. Injiniya ya ce da ba zai wuce kwanar bakin teku ba a zagayen farko.

Ammi ya zauna a kan taya, ya rufe fuska da hannun nan mai ƙuna, yana ta "Ya Latif, ya Latif." Ni kuwa na dubi hannuna. Abin da ya tsorata ni ba notin ba ne. Hannuna ne da ya kai kafaɗa.

Wejdan ta ɗauki notin, ta juya shi, ta sa min a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai. Ta buɗe baki za ta yi Larabci, ta fasa. "Sannu da aiki, Ammi," ta ce min, wato baffa, kamar yadda take kiran kawunta. Yau ba a karkace ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Saif aka ɗauka. Thamer ya kira ni da kansa, ya yi godiya mai yawa, ya ce amma agogon wata guda ba ya ƙarya. Gaskiyarsa, Saif ya fi ni sauri. Ammi ya yi ta faɗa da shi har muryarsa ta dushe, halas, an gama, kalmar Thamer ce. Ammi ya ce in riƙe safar hannun.

Ya yi min ciwo. Ba zan ɓoye wa takarda ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Banshar. Zafi, hayaƙi, mota goma sha tara.

Bayan la'asar wata ƙaramar bas ta tsaya, ɗauke da masu Umara, tsofaffi cikin harami za su Makka. Faci a tayar gaba. Da na zo ɗaurewa na ga ƙarfen da ake ɗaura wa noti ɗaya ya karye. Direban ya leƙo, ya buga tayar da ƙafa. "Ma fi mushkila, babu matsala, ya mu'allim, awa ɗaya ce. Sauke jak."

Na ce sai an kawo sabo daga shagon kayan gyara. Ya yi ihu, ya kira kafili, kafili ya yi min nasa ihun. Minti arba'in suka jira. Wata tsohuwa ta miƙo min dabino ta taga.

Ba wani abu ba ne, ƙarfen ne ba shi da kyau, kowa ma haka zai yi. Sai dai abokin aikina ya ce wai da direban ya kai hannu zai sauke jak ɗin da kansa, na sha gaban bas ɗin na gicciye hannu biyu a saman kai, kamar mahaukaci, a tsakiyar Madain Fahd. Ni ban tuna ba.

Notin na cikin aljihuna, ya fara huda shi. Ɗazu na nemo lambar Inuwa, tsohon ɗan kamasho na tashar Katsina, shi ba ya manta mota, zai san bas ɗin da ta kife wajen Tsanyawa. Ban kira ba tukuna. Amma na ajiye lambar.