Hanjin Kawu Sale

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiya, da fatan Allah ya sa kina cikin rahama.

Inna, kin tuna labarin kakanki na Maruta, tun kafin zuwan Turawa? Kin ce ƙaba ta shaƙe masa hanji ana tsakiyar girbi. Wanzami ya yi ƙaho, aka sha saiwa, bayan kwana uku ya cika. Kina gamawa sai ki ce, "Ai a lokacin ciki ba ya buɗuwa, 'yar nan."

Yanzu ina koya wa ɗaliban jinya aikin ɗakin tiyata a Birnin Kudu. Na lura cututtukan ciki suna bin shekara. Da damina yara ake kawo mana, taifot ya huda musu hanji. Da kaka kuwa manoma ne. Mutum zai ɗaure ƙabarsa da tsumma ya ce sai hatsi ya shiga rumbu. Wata rana kafin la'asar mun buɗe ciki uku, na huɗu yana jira.

Ranar Talata ce, kuma na huɗun ƙanenki ne, Kawu Sale. A kan babur aka kawo shi, yana amai, ɗan tsumman yana nan a ƙugunsa. Da ya gan ni ya ce, "Hajara, saura kunya biyu fa na gama."

Likita ya buɗe. Hanjin ya yi duhu kamar ɗanyar hanta. Likitan ya saki inda ya shaƙe, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai ruwan ɗumi, ya ce mu jira. In bai farfaɗo ba sai an yanke, kuma jikin Kawu ba lallai ya ɗauka ba.

Na tsaya a gefe da ɗalibaina. Salati kawai nake yi.

Da aka ɗaga ƙyallen, Inna, ja ya fara dawowa daga gefe, a hankali. Sai hanjin ya motsa. Wallahi ya motsa a gaban idona. Na ce wa ɗalibaina su matso su ga ikon Allah.

Da ya farka, dawarsa ya fara tambaya. Na ce maƙwabta sun yanke. Tsumman kuma na ɓoye, ba zan mayar masa ba.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan kakanki da bai riski wannan zamani ba, ya haskaka makwancinku. Amin.

Taki har kullum,
Hajara