Abin da Ya Tuna Inda Ya Tsaya

Daren Alhamis, farkon kaka, Ƙauran Namoda



Da safe ina shirya darasin ɗalibaina na karanta wani abin al'ajabi. Sinadarin da ake ƙera kayan lantarki da shi ne, a barbaɗa masa ƙwayoyin maganaɗisu jefi-jefi. In aka sanyaya shi ƙwarai, ƙwayoyin sai su daskare a hargitse, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Amma in aka dakata a wani mataki na sanyin kafin a wuce, to sa'ad da ake ɗumama shi, yana isowa matakin nan sai awo ya nuna alama. Abu ba rai, ba tsari, ya tuna inda ya tsaya!

Da la'asar muka taso da Baba daga asibiti ta hanyar Zurmi. Wata huɗu ke nan bai kira sunana ba, "baiwar Allah" yake ce mini. Muna kaiwa wata tsamiya ya daki kafaɗar direba.

"Tsaya nan."

Ya sauka da sandarsa, ya dafa itacen.

"Nan nika sauke Hadiza daga keke ta sha fura in mun taso makaranta. Ɗiyata ta. Kin san ta?"

"Na san ta, Baba."

"Ki gaishe ta."

Likita ya ce kan Baba ya hargitse. To, ya hargitse ɗin. Amma tsarki ya tabbata ga Allah, ina nan a ciki.

Gobe zan dama fura, mu koma gindin tsamiyar.