Farar Riga Babu Tabo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa.

Yaya, albishirinki, na gama farar rigar amaryar nan babu tabo ko ɗaya. Kin san yadda tafin hannuna yake tsiyayar da gumi, har kuka laƙaba min 'Yar Raɓa. Mai shagonmu ta riga ta ce in na sake ɓata farin yadi, sai dai in nemi wani wurin. Ƙwayar da likita ya rubuta min ce ta fitar da ni kunya. Ranar da mai shagon ta ɗaga rigar a hasken taga tana neman laifi ta rasa, sai da na yi ƙwalla don daɗi. Yanzu duk farin aiki ni take miƙa wa.

Amma maganin yana da sharaɗi. Likita ya ce ba hannu kaɗai yake busarwa ba, jiki ne gaba ɗaya, don haka in guji zafi, tunda gumi ne ke sanyaya mutum. Na ga zahiri ranar da na tsaya guga da tsakar rana a ɗakin baya. Jiri ya ɗebe ni, fatata ta yi zafi zau kuma a bushe. Na fita inuwa na sha ruwa, na kira likitan. Yanzu da sassafe nake guga. Ya kuma ce in idona ya yi dishi-dishi kada in yi tuƙi, in fitsari ya ƙi fita in dawo nan take. Baki kuwa bushewa yake har yawun lasar zare na rasa, sai ƙoƙon ruwa nake ajiyewa gefen keken ɗinki, abokan aiki suna ta yi min tsiya.

Batun da kika yi na in aiko wa maigidanki da maganin, ki yi haƙuri, ba zan aiko ba. Mutumin da yake yini a bakin wutar gidan burodi, gumin nan ne yake kare shi. Ga shi kin ce yana da hawan jinin ido, abin da likita ya fara tambayata ke nan. Ya je a duba shi.

Abin da zan aiko farin mayafi ne, ɗinkin hannuna. Ki ɗaga shi a rana ki duba da kyau.

Ki gaida Gwaggo, da Kawu, da Autarki mai surutu.

Taki har kullum,
wadda kuka sani da 'Yar Raɓa a da.