Ƙashin Sachiyo

Odawara, farkon Agusta

Yaya Tokiko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwar taki? Ya maigidan? Ni jiki lafiya lau, rai ne a ɓace.

Kin san shekara talatin muka yi da Sachiyo a gidan nan, tukunya ɗaya, butar shayi ɗaya. Ni na yi jinyarta har ta cika. Amma ranar da aka ƙona gawarta, da aka zo al'adar tsintar ƙasusuwa da tsinke ana sawa a tulu, sai ƙanenta Noboru ya tare ni a ƙofa, wai dangi kawai. Mutumin da sau biyu ya leƙo asibiti! Ya rungumi tulun ya hau jirgin ƙasa, ya kai ta kabarin iyayensu a Akita.

Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba: ɗan guntun ƙashi ɗaya, in ajiye kusa da hotonta. Na buga masa waya sau ba adadi. Kullum sai ya ce, "Yi haƙuri, Fumie, ba a raba mutum biyu. Ke fa ƙawa ce." Ƙawa! Kamar a layin mota muka haɗu.

Ga bikin Obon ya matso, lokacin da mamata ke dawowa gida ziyara. Zan kunna wa Sachiyo wuta a ƙofa don ta gane hanya, ko ya so ko bai so ba. Kada ki ce in yi haƙuri, Yaya, na ƙoshi da kalmar nan.

Ƙanwarki,
Fumie

Odawara, ƙarshen Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga kifin da kika aiko, na gode, amma gishiri ya yi yawa.

Zauna ki sha labari. Ina durƙushe ina hura wutar, sai ga Noboru tsaye da 'yar jaka, gumi sharkaf. Wai ya je jera mata abinci a gaban kabari can Akita, ya rasa me take so. Ya sa wainar wake mai zaƙi, sai zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Na ce, "Wainar wake? Ai ko kyauta aka ba ta, maƙwabta take miƙa wa. Gasasshen gauta take so, da citta."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban sani ba."

Na so in rufe masa ƙofa, amma da wace fuska, Sachiyo tana hanya? Na gasa gautan. Ya ci yana hawaye, ni kuma ina harararsa. Da na ga ya yi laushi na sake tayar da maganar ƙashin. Ya ce a'a! Da gautana a bakinsa!

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, kuma likita ya ga wani abu a huhunsa. Kabarin da ba mai share shi, kin san kwashe shi ake yi. Ya sa goshi a tabarma ya ce, "Yaya Fumie, in na tafi, ki riƙe mana kabarin."

Yau kuma na zama Yaya. Ƙashi ɗaya na roƙa aka hana ni, yanzu an ɗora mini kabarin sukutum, har da uwarsu da ba ta taɓa amsa gaisuwata ba. Haushi kamar ya kashe ni. Na ce masa zan yi tunani.

Ki aro mini takalman sanyinki, an ce dusar ƙanƙarar Akita har gwiwa take kaiwa.

Ki gaida maigidan.

Taki,
Fumie