Jarkar Luba a Layin Famfo

Zuwa ga ƙanwata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin kariyar Allah a duk dajin da kike. Na san babu waya a hannunki. Na rubuta ne a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta ya kai miki labari. Inna tana gaishe ki. Ni ma lafiyata lau, in ban da gajiya.

Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarku a hanyar Tursa, kina dawowa daga suna, ba mu sake jin muryarki ba. Yaya Bello ya taka har Giyawa, ya bi kasuwar Wurno da ta Goronyo yana tambaya, ya dawo da an ce, an ce. An cire albasa, an shuka gero, an girbe, an sake dasa albasa. Mu dai muna nan Rabah muna jira.

Labarin jarkarki nake so in ba ki. Rawayar nan da kika ɗaura wa jan ƙyalle a hannu don kada ta ɓace cikin na mutane.

Kin san yadda muke yi a famfon unguwa. Mace ta ajiye jarka a layi da sassafe, ta koma gida ta hura wuta, ta bayanta ta riƙa tura mata gaba. In aka tambaya, "Wagga ta wa ta?" sai a ce, "Ta wance ta, tana nan tahe." In jarka ta kai bakin famfo mai ita ba ta iso ba, ta baya ta cika mata, ta ajiye a inuwar dogon yaro. Ba wadda ta ci moriyar wannan al'ada kamarki, sarauniyar barcin safe. Sau nawa na turo miki jarka ina ƙunƙuni, ki iso kina miƙa kina cewa layin nan yana gudu yau.

Inna ba ta fasa kai jarkarki layi ba. Ana cika ta, ta sa a kawo mata ƙofar ɗakinki, kuma ba mai taɓa ruwan sai an sallame magariba. Cewa take yi, "Wanda yah hito daji, ruwa shika hwara biɗa."

To, Luba, unguwa ta cika. Mutanen ƙauyukan da aka tasa sun dawo cikinmu, famfo kuwa ɗaya ne, kuma da hasken rana yake aiki, tana yin sanyi ya ɗauke. Layi yakan miƙe har bayan masallaci. Akwai matan da ke wuni su koma gida da jarka a bushe. Rannan Baba Alu mai kula da famfo ya tare ni ina dawowa daga makaranta, ya ce, "Malama, ke da kinka yi karatun lissahi, ki hiddo muna dabara."

Kin tuna kina yi mini dariya da na ce a kwaleji har lissafin layi ake koya mana? Kika ce ashe har tsayuwa sai an je makaranta. Abin ba wuya. Jiranki shi ne yawan jarkunan da ke gabanki, sau lokacin da ɗaya ke ɗauka kafin ta cika. In masu zuwa sun fi ƙarfin abin da famfo ke zubarwa, layi ba zai taɓa raguwa ba. Kuma in famfo ya kusa ƙure ƙarfinsa, jarka kaɗan ma aka ƙara, sai jira ya ninka. Namu ya ƙure tuni.

Na zauna a inuwa ina kallon layi, sai na lura ba mu kaɗai ke kawo jarkar wanda aka sace ba. Akwai jarkar da ake turawa don miji, akwai ta ɗiya, akwai ta suruka. Duk "tana nan tahe". Duk ana cika su, alhali wata mai goyo tana can baya rana na dukanta.

Na ce wa Baba Alu kada a fitar da su daga layi, don jarkar da ba a tara a famfo ba, ba ta ƙara wa kowa jira. A bar su su bi layi, in sun kai baki mai su bai zo ba, a mai da su baya babu ruwa. Aka yi na'am. Layi ya ɗan yi sauƙi, ba zan ɓoye miki ba.

Gaya wa Inna ne ya gagare ni. Na same ta tana tankaɗe, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye rariya ta ce, "In ta iso da ƙishi hwa?"

Ba a koya mana amsar wannan ba. Lissafin jira yana so ki san nawa ne a gabanki da saurin da ake sallamarsu. Naki jiran, ban san ko ɗaya ba.

Saboda haka yanzu nakan ajiye tawa a bayan taki. In mun kai baki, sai in tara taki a madadin tawa, ban ci rabon kowa ba. Tawa ce ke komawa gida a bushe. Da rana muna lallaɓawa da abin da ya kwana a randa, ni da Inna, ruwanki kuwa yana ƙofar ɗakinki har magariba.

Na gaji, Luba. Ba zan yi miki ƙarya ba, wallahi na gaji. Ina kewarki, har barcin safen naki.

Allah Ya tsare ki inda kike, Ya shayar da ke in kin ji ƙishi, Ya sassauta zukatan waɗanda ke riƙe da ke. Allah Ya dawo da duk masu jarka a layin nan, Ya ba Inna tsawon ran da za ta miƙa miki ruwan da hannunta. Amin.

Gobe ma za a tambaye ni ta wa ce, kuma zan faɗi abin da na saba faɗa. Ki zo ki karɓi layinki.

Taki har kullum,
Yayarki Rakiya